Yadda Ake Kula da Mai Cutar Sistik Faibrosis a Zafin Bazarar Kano

Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan kai digiri 38 zuwa 40 da rana, wasu ranakun ya haura haka, dare ma ba ya yin sanyin kirki. Kowa yana jin jiki, amma mai cutar sistik faibrosis haɗarinsa daban ne, domin guminsa yana fita da gishiri ninki biyu zuwa biyar na gumin sauran mutane. Cutar gado ce, ana ɗaukarta daga uba da uwa kamar yadda ake gadon sikila, kuma tana sa majinar huhu da ruwan hanji su yi kauri. A fatar mai lafiya, jiki yana tsotse yawancin gishirin da ke cikin gumi kafin ya fito waje. A jikin mai wannan cuta wannan hanyar ba ta aiki, gishirin sai ya tafi. Zafi ne ma ya fara tona wannan: a 1948 an yi tsananin zafi a birnin Niyok na Amurka, likitan yara Paul di Sant'Agnese ya lura cewa da yawa daga yaran da zafi ya galabaitar masu wannan cuta ne, a 1953 kuma ya nuna cewa guminsu cike yake da gishiri.

Abu biyu ne za ku riƙe. Na farko, ruwa zalla ba ya mayar da abin da ya fita, sai an haɗa da gishiri. Na biyu, ƙishirwa ba ta zuwa a kan lokaci. Mutum yana jin ƙishirwa ne idan ruwan jikinsa ya ragu gishirin jininsa ya yi yawa, shi kuwa wannan ruwa da gishiri tare suke tafiya, don haka jikin ba ya kiransa ga randa. Wani bincike da aka yi a Kanada aka wallafa a 1992 ya gano cewa yara masu cutar da ke motsa jiki cikin zafi sun sha kusan rabin abin da sauran yara suka sha, jikinsu kuma ya bushe kusan ninki biyu. Duk matakan da ke ƙasa a kan waɗannan biyun aka gina su.

Kayan da za a tanada

- Gishirin girki mai laushi, a cikin roba mai murfi.
- Cokalin awo na mil 5, irin wanda ke zuwa da maganin ruwa na yara. Cokulan shayi na gida girmansu ba ɗaya ba ne, kada a dogara da su.
- Ledojin ORS, aƙalla guda goma a gida, da suga.
- Gora mai cin lita ɗaya. Idan babu, fiya wata biyu lita ɗaya ne.
- Sikelin awon nauyi, da ma'aunin zafin jiki, da ƙaramin ma'aunin zafin ɗaki.
- Kula mai rufuwa sosai, da gorunan ruwa uku ko huɗu da za a riƙa daskarewa.
- Tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, da yashi mai tsafta.
- Ƙananan tawul ko ƙyallayen auduga huɗu zuwa shida.
- Fanka mai caji, da hanyar kunna nebulaiza, wato na'urar da ke mayar da magani tururi a shaƙa, idan babu wuta: sola, inbata, ko nebulaiza mai batir.
- Gidan sauro, lema, da hula mai faɗi.
- Kati ɗaya da aka rubuta sunan cutar, magungunan da ake sha, nauyin mutum, da lambar likitansa.

1. A ga likita tun kafin zafi ya kankama

Watan Fabrairu ne lokacin wannan ziyara. A nemi gwajin gishirin jini da na ƙoda, wato sodiyam, fotashiyam, kuloraid da baikabonet. Ga jarirai, gwajin sodiyam na fitsari ya fi saurin nuna ƙarancin gishiri, domin jini yakan nuna daidai alhali jikin ya riga ya fara rasawa. A sa likita ya rubuta adadin gishirin da za a ƙara a rana, a rubuce, ba da baki kawai ba.

Akwai waɗanda ba za su ƙara gishiri da kansu ba ko kaɗan sai da awon likita: mai hawan jini, mai ciwon ƙoda ko zuciya, mai ciwon hanta da cikinsa ke tara ruwa, mai juna biyu, da wanda aka yi wa dashen huhu. Haka nan mai shan sababbin magungunan nan irin Trikafta, wanda aka amince da shi a Amurka a 2019, domin suna rage gishirin da ke fita a gumi sosai, buƙatarsa ba ta kai ta da ba.

2. Gishiri: nawa, kuma ta yaya

Cokalin awo ɗaya a shafe, ba tozo, yana ɗauke da kusan giram 6 na gishiri, wato sodiyam miligiram 2,300 ko ɗan fiye. Ƙa'idar Amurka ga jarirai ita ce kashi ɗaya cikin takwas na cokalin a rana daga lokacin da aka gano cutar har wata shida, sannan kwata daga wata shida. Ƙa'idar Ostareliya, wadda yanayinta ya fi kusa da namu, ta sa buƙatar yara a sodiyam miligiram 1,000 zuwa 4,000 a rana, matasa da manya kuma har 6,000, wato kusan cokali biyu da rabi na gishiri. Wannan lissafi ya haɗa da wanda ke cikin abinci, kuma miyarmu da sinadarin ɗanɗano tana da gishiri mai yawa tun asali. Saboda haka ba a ɗebo cokali biyu da rabi a ɗora a kan abin da aka saba ci. Ana ƙara abin da likita ya rubuta ne.

Yadda ake fitar da ɗaya cikin takwas: a cika cokalin, a shafe samansa da bayan wuƙa, a zuba a busasshen faranti, a raba biyu, a raba rabin biyu, a sake raba kwatan biyu. Wannan ɗan kason shi ne na yini guda, kuma ba a ba jariri shi a lokaci ɗaya. A rarraba shi a shayarwa huɗu zuwa shida, a dama ɗan kaɗan a nonon da aka tatsa a cokali, a ba shi kafin ya kama mama. Idan an zuba duka sau ɗaya zai yi amai ko ya ƙi nono, kuma gishirin da ya wuce kima yana iya taɓa ƙwaƙwalwar jariri. Mutum ɗaya a gidan ya riƙe wannan aiki, don kada uwa ta bayar, kaka ma ta bayar.

Nonon uwa shi ne abincin da ya fi dacewa da jaririn, amma gishirinsa kaɗan ne, shi ya sa ake ƙari. Kada a ɗura wa jaririn da bai kai wata shida ba ruwa zalla wai don zafi. Ruwan yana tsinka ɗan gishirin da ya rage a jininsa, abin da kan kai ga jijjiga. A yawaita ba shi mama, dare da rana.

Ga yaro babba da baligi hanya mafi sauƙi ita ce abinci: a barbaɗa gishiri a kan shinkafa da wake, dafaffen ƙwai, dankali, awara, kankana ko mangwaro. Kilishi, tsire, dambun nama, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa mai gishiri da romon farfesu duk suna taimakawa, kuma suna kawo maiƙon da jikinsa ke nema. Wanda likita ya ba ƙwayar gishiri ya sha ta da abinci da ruwa cikin kofi, domin a kan cikin da babu komai tana tayar da zuciya.

Kanwa ba ta maye gurbin gishiri, kuma wannan kuskure ne mai sauƙin aukuwa a gidajenmu. Abin da mai cutar ke rasawa sodiyam ne tare da kuloraid, wato sinadarai biyun da suka haɗu suka zama gishiri. Kanwa akasarinta sodiyam ne da kabonet, kuma idan kuloraid ya yi ƙasa, baikabonet yakan yi yawa a jini, kanwa kuwa ƙara shi take yi. Ba a ba yaron da zafi ya galabaitar jiƙon kanwa ko kunun kanwa da sunan magani. Gishirin masu hawan jini da aka rage wa sodiyam shi ma bai dace ba.

3. Ruwa: a sha da agogo

Ga lissafin da asibiti ke amfani da shi wajen buƙatar yaro ta yau da kullum: mil 100 ga kowane kilo a kilo goman farko, mil 50 ga kowane kilo a goma na biyu, mil 20 ga kowane kilo bayan haka. Yaro mai kilo 10 lita ɗaya ke nan, mai kilo 20 lita ɗaya da rabi, mai kilo 30 lita 1.7. Baligi lita biyu zuwa uku. Wannan na ranar da babu zafi ne, a bazara sai an ɗora.

A ɗaura shan ruwa da abin da ba a mantawa: kofi ɗaya da tashi daga barci, ɗaya bayan kowace salla, ɗaya da kowane abinci, ɗaya kafin gyaran ƙirji, wato bubbuga ƙirji da fitar da majina. Idan ana tafiya, wasa ko aiki cikin zafi, baligi ya sha kusan rabin fiya wata duk minti 20 zuwa 30, yaro kuma gwargwadonsa, ko da ya ce ba ya jin ƙishirwa. Zai faɗi haka, kuma gaskiyarsa ce, amma a ba shi.

Wani kaso na abin shan ya zama mai gishiri. Hanyoyi uku ne:

Ledar ORS ɗaya a lita ɗaya na ruwa mai tsafta. A duba jikin ledar, domin akwai ta rabin lita. Ita ta fi, saboda tana da fotashiyam.

Idan babu ORS, ruwan gishiri da suga: lita ɗaya, suga cokali shida a shafe, gishiri rabin cokali a shafe. A matsa lemun tsami ko lemun zaƙi don ɗanɗano. A zubar da abin da ya rage bayan awa 24.

Ga yaron da ya ƙi waɗannan, a zuba kashi ɗaya cikin takwas na cokalin gishiri a kunun zaƙi, kunun aya ko ruwan lemo mai yawan cikin kwalbar lemo ta 35cl. Da sanyinsa ya fi shiga.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga yaro ya yi laushi a dinga ɗura masa ruwan sanyi zalla lita bayan lita. Sai ciwon kai da amai su ƙaru, domin gishirin jininsa ƙara raguwa yake yi. Lemun kwalba shi ma suga ne kusan zalla, gishirinsa bai taka kara ya karya ba. Zoɓo yana sauke hawan jini kaɗan, don haka kofi ɗaya ba laifi, amma kada ya zama shi ne ruwan yini ga mai fama da jiri. Wanda cutar ta haifar masa da ciwon suga ya tambayi likita yadda zai lissafa sugan ORS da kunu, ya kuma yawaita gwajin suga, saboda hauhawar suga tana sa yawan fitsari, ta ƙara busar da jiki.

4. Duban safiya

Minti biyar ya isa. A hau sikeli bayan fitsarin farko, kafin karin kumallo, da kaya marasa nauyi, a rubuta. Raguwar kilo ɗaya cikin yini ruwa lita ɗaya ne ya tafi. Idan nauyi ya ragu da kashi biyu cikin ɗari, misali giram 400 ga yaro mai kilo 20, a ƙara ORS a ranar kuma a hana shi fita rana. A duba fitsari: fari-fari mai ɗan rawaya shi ake so, mai duhu kamar shayi alamar bushewa ce. Jariri ya jiƙa nafkin aƙalla sau shida a yini. A duba goshi, gefen hula, wuyan riga da hijabi: farin gari-gari da ke bushewa a wurin gishirin da ya fita ne. A tambayi bayan gida, a kuma lura ko majina ta fi kauri da wuyar fita.

5. A sanyaya jiki daga waje

Ruwan da aka shafa wa fata yana sanyaya jiki yadda gumi ke yi, sai dai shi ba ya cin gishirin jiki ko ƙwaya ɗaya. Saboda haka wannan mataki bai gaza na gishiri muhimmanci ba. A jiƙa tawul a ruwa mai tsafta, a goge wuya, hammata, hannaye da ƙafafu, a zauna gaban fanka da jikin a jiƙe. A watsa ruwa sau uku ko huɗu a yini, musamman bayan azahar da kafin kwanciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan zafin ɗaki ya kai digiri 40, fanka ita kaɗai zafi take ƙara wa jiki. A irin wannan lokaci ko a jiƙa fata, ko a kashe ta.

A zaɓar masa ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Ginin ƙasa mai kaurin bango da ɗakin ƙasan bene sun fi ɗaki mai rufin kwano babu silin nesa ba kusa ba. A rufe tagogin da rana ke bugawa tun hantsi, a rataya tabarma ko labule mai kauri ta waje, a buɗe komai bayan isha'i. Kwana a tsakar gida yana da kyau, amma cikin gidan sauro. Maganin sauro na ƙonawa, turaren wuta, hayaƙin itace da gawayi duk suna tayar da tari, a nisanta su. Janareta a waje, nesa da taga da ƙofa.

A nan akwai tarkon da masu wannan cuta kaɗai ya fi shafa. Ƙwayar cutar Sudomonas, wadda idan ta zauna a huhunsu fitar da ita ke da wuya, tana rayuwa ne a ruwan da ya kwanta, kuma ɗumi yana haɓaka ta. Fankar nan mai tankin ruwa da mai feso raɓa suna watsa wannan ruwa cikin iskar da ake shaƙa. Shawarata a bar su gaba ɗaya, tawul da fanka ta yau da kullum sun wadatar. Kwalbar fesa ruwa a fuska ma haka. Tawul ɗin da aka yi amfani da shi a wanke a shanya a rana kullum, kada ya kwana a jiƙe. A wanke randa da gora a kai a kai. Mai na'urar sanyaya ɗaki ya sa wani ya wanke matatarta duk mako biyu, mai cutar ba ya ɗakin, domin ƙurar da ke ciki takan ɗauki ƙwayoyin fumfuna.

6. Adana magani

Maganin narkar da abinci, irin Creon, zafi yana kashe ƙarfinsa ba tare da kamanninsa sun sauya ba. Yawancin kwalayensa an rubuta kada ya wuce digiri 25, ɗakunanmu kuwa a Afrilu sun wuce nan. Ba a so a sa shi a firiji saboda laima, sai idan takardarsa ta ce haka. Mafita ita ce tukunya cikin tukunya, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. A zuba yashi a gindin babbar tukunya, a zaunar da ƙaramar, a cike tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. Maganin ya kasance cikin kwalbarsa, kwalbar kuma cikin roba mai rufuwa gam don kada danshi ya shiga. A sa ma'aunin zafi a ciki a ga abin da yake nunawa. Tana aiki sosai a Maris da Afrilu da iska ke bushe, ƙarfinta yana raguwa idan hadari ya fara haɗuwa. Wani a gidan ne zai riƙa jiƙa yashin, ba mai cutar ba.

Idan za a fita, a ɗauki na yini ɗaya kawai, a jaka, ba a aljihun wando ba, ba cikin mota ko ƙarƙashin kujerar babur ba. Idan kashi ya koma mai maiƙo da wari, ciki yana kumbura, alhali abinci bai sauya ba, a fara zargin kwalbar. A buɗe sabuwa kafin a yi tunanin ƙara yawan ƙwayoyi, domin akwai iyaka: awo 10,000 na lifes, sinadarin narkar da maiƙo da ke cikin maganin, ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, wuce haka yana iya lahanta hanji.

Pulmozyme mai tsinka majina, ruwan tobramycin na shaƙa mai kashe ƙwayoyin cuta, da insulin da ba a buɗe ba, wurinsu firiji ne, digiri 2 zuwa 8. Tukunyar ƙasa ba ta kai wannan sanyi. Firijin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kusan awa huɗu bayan ɗauke wuta. Kafin lokacin ya cika a mayar da su kula tare da daskararrun goruna, a naɗe gorunan da tawul don kada magani ya taɓa ƙanƙara, domin daskarewa tana lalata shi kamar yadda zafi ke yi. Idan wutar ta daɗe, a sayi ƙanƙara, ko a nemi alfarmar maƙwabci ko kemis mai sola. Pulmozyme da ya yi gurɓi-gurɓi ko ya sauya launi a zubar. Inhela kuma kada a bar ta a rana ko kan gaban mota.

Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, musamman ciprofloxacin, doxycycline da voriconazole, suna sa rana ta ƙona fata da sauri, har mai baƙar fata. Mai shan su ya rufe jiki ya bi inuwa. Ibuprofen da diclofenac kuwa a guje su idan jiki ya bushe, balle ga wanda ake yi wa allurar gentamicin ko tobramycin, domin haɗuwarsu tana bugun ƙoda.

7. Gyaran ƙirji

Bushewar jiki tana ƙara wa majina kauri, don haka wannan ba lokacin tsallake gyaran ƙirji ba ne, ko da gajiya ta yi yawa. A mayar da shi lokutan sanyi: bayan asuba da bayan magariba ko isha'i, kafin abinci ko awa ɗaya bayansa. A sha kofin ruwa tukuna. Jerin da aka saba shi ne maganin buɗe hanyar numfashi, sai ruwan gishiri na shaƙa, sai bubbuga ƙirji da fitar da majina, sai maganin kashe ƙwayoyin cuta na shaƙa a ƙarshe. Ruwan gishiri na shaƙa na kamfani ne wanda aka tace aka kashe ƙwayoyinsa. Ba a haɗa shi a gida da gishirin miya, kuma ORS ba ta shiga nebulaiza.

Bayan kowane amfani a kwance sassan, a wanke da sabulu, a tafasa minti biyar idan irin wanda ke jure tafasa ne, a shanya a kan ƙyalle mai tsafta a cikin ɗaki har su bushe ƙarau. Ranar da babu wuta kuma babu caji, a yi bubbugawar da numfashin fitar da majina da hannu, a ƙara tsawonsu. Motsa jiki ma kada a bari, a mayar da shi sassafe.

8. Abinci

Zafi yana kashe sha'awar abinci, shi kuwa mai cutar buƙatarsa ta fi ta tsaransa, sau da yawa da kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari. A bar manyan kwanuka uku, a koma ƙanana biyar ko shida, mafi nauyi da safe da dare. Fura da nono mai tsafta, kunun gyaɗa da madara, yogot, ƙwai da ayaba suna shiga ko da ba a jin yunwa. Duk mai maiƙo ko madara sai da maganin narkar da abinci, har kunun gyaɗa da kunun aya. Kada a zuba ƙwayoyinsa a kunu mai zafi. Ayaba, lemo, dabino, dankali da tumatir suna mayar da fotashiyam. Abincin da ya yini a buɗe a wannan yanayi yana saurin lalacewa, gudawa kuwa ga wanda gishirinsa ke kan gaɓa babbar matsala ce.

9. Makaranta, kasuwa, masallaci da azumi

Daga ƙarfe 11 na safe zuwa 4 na yamma a zauna a inuwa in da hali. Zuwa Kwari, Sabon Gari ko asibiti a yi shi da sassafe, da gorar ORS a hannu, saboda cunkoso kan tsayar da a-daidaita-sahu cikin rana. Tufafi su zama na auduga, sakakku, masu haske. Hijabi mai santsi na roba yana riƙe zafi.

A je makarantar boko da Islamiyya a yi wa malamai bayani ido da ido: yaron nan a bar shi ya sha ruwa cikin aji, ya fita fitsari duk lokacin da ya nema, kada a tsayar da shi a rana don taro ko horo. Ranar Juma'a a tafi da wuri a samu cikin masallaci ko rumfa, kada a ƙare a sahun kan kwalta. Idan hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta yi gargaɗin tsananin zafi, yaron ya zauna a gida.

Azumi cikin bazara yana nufin awa goma sha uku ko fiye babu ruwa babu gishiri, ga wanda jikinsa ke zubar da su duka biyun. Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185. A haɗa maganar likita da ta malami kafin watan ya kama. Wanda aka ce zai iya ramuwa ya bari sai sanyin Disamba da Janairu. Azumin nafila a watannin zafi a haƙura da shi. Iyaye su lura da matasa, domin kunyar tsara takan sa su ɗauki azumi a ɓoye. Mai niyyar Hajji ko Umara shi ma ya zauna da likitansa tun da wuri: a Hajjin 2024 zafin Makka ya haura digiri 50, mutum fiye da 1,300 suka rasu.

10. Idan jiki ya fara gazawa

Alamun farko su ne kasala, ciwon kai, jiri idan an miƙe, ɗaurewar tsokar ƙafa ko ciki, tashin zuciya da ƙin abinci. Jariri yakan ƙi mama, ya yi ta rigima ko ya yi laushi, maɗigarsa ta faɗa, idanu su zurma. A kai shi inuwa, a rage masa kaya, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafu, a jiƙa jiki a yi fifita. A ba da ORS kaɗan-kaɗan, ƙaramin yaro cokali ɗaya duk minti ɗaya ko biyu, babba kurɓi-kurɓi. Idan ya yi amai a jira minti goma a ci gaba a hankali. Idan awa ɗaya ta wuce babu sauƙi, sai asibiti.

Waɗannan kuwa ba a jira da su:

- ruɗewa, sambatu, suma ko jijjiga;
- zafin jiki ya kai digiri 40;
- amai da ya hana komai zama a ciki;
- awa shida zuwa takwas babu fitsari;
- jariri ya ƙi mama sau biyu a jere kuma ya yi laushi;
- ciwon ciki mai tsanani, musamman ƙasan cibiya ta dama, da kumburi da rashin bayan gida, domin bushewa tana sa kashi mai kauri ya toshe hanjin masu wannan cuta;
- numfashi ya yi wuya, ko jini a majina.

Wanda zafi ya buga har ya ruɗe, a fara sanyaya shi nan take, a kwarara masa ruwan sanyi, a sa ƙanƙara cikin ƙyalle a wuya, hammata da matsematsi, a ci gaba a cikin mota. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa komai ta baki. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi. Kada kuma a ɗora wa rana kowane zazzaɓi: bazara lokacin sanƙarau ce, zazzaɓi da sandarewar wuya na gaggawa ne, zazzaɓi da ƙaruwar tari kuma yana iya zama ciwon huhu ya tashi.

A nufi sashen gaggawa na babban asibiti mafi kusa, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, Asibitin Murtala, ko Asibitin Yara na Hasiya Bayero. Cutar ba a cika ganinta a nan ba, don haka ku miƙa katin tun a bakin ƙofa, ku ce wa likita mara lafiyar yana zubar da gishiri a gumi, ku roƙi a duba sodiyam, fotashiyam, kuloraid da baikabonet kafin a zaɓi irin ruwan da za a ƙara masa. Ku tafi da maganin narkar da abincinsa da nebulaizarsa, kuma idan akwai wani mai irin cutar a ɗakin, a bar tazarar mita biyu tsakaninsu don kada su ɗauki ƙwayoyin cuta daga juna.

Saukar ruwan farko a Mayu ko Yuni ba ta nufin a daina ƙarin gishiri. Iska tana yin laima, gumi ba ya bushewa da sauri, jiki sai ya ƙara zubar da shi. A ci gaba da adadin bazara har damina ta zauna, sannan a koma wurin likita a sake gwaji kafin a rage.